Cocin St Olave da makabartarsa a tsakiyar Landan: me ya sa harabar ta fi cocin tudu?

Tambaya: Malam, ina karatu a Landan. Kusa da tashar jirgin ƙasa ta Fenchurch Street na ga wani ƙaramin tsohon coci mai suna St Olave, dogayen benaye sun sa shi a tsakiya. A saman ƙofar harabarsa an sassaƙa ƙoƙunan kan mutum, a ciki kuma ga duwatsun kabari, ga ma'aikata zaune a benci suna cin abincin rana. In za a shiga cocin daga harabar sai an sauka matakala. Me ya kawo makabarta tsakiyar hada-hadar kuɗi? Me ya sa harabar ta fi cocin tudu? Har yanzu akwai mamata a ƙasan?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da ta ƙarshe tunda ita ce mai gajeriyar amsa. Suna nan. Ƙasar da ka taka mutane ne kwance a cikinta, wasu bisa wasu, na shekaru ɗaruruwa. Wannan kuwa shi ne rabin amsar tambayarka ta biyu. Amma kafin a gane yadda ɗan filin da bai wuce tsakar gida ba ya ɗauki mutane masu yawa haka, sai an san abin da coci irin wannan yake a rayuwar mutanen Landan na da.

Makabartar ba ta zo tsakiyar kasuwa ba, bankuna ne suka zo suka same ta. Inda ka tsaya, wato mahaɗar Hart Street da Seething Lane, yana cikin tsohon birnin Landan, wanda faɗinsa duka bai fi murabba'in mil ɗaya da 'yan kai ba. Kafin gobarar 1666 akwai coci-coci fiye da 100 a cikin wannan ɗan wuri. Ba yawan ibada kaɗai ya kawo haka ba. An yanka birnin ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana ce mata faris, wato 'yan layukan da coci ɗaya ke kula da su, kuma kowane mazauni ya san farisinsa kamar yadda mutumin cikin birnin Kano ya san unguwarsa da mai unguwarsa. A cocin farisinka za a yi maka baftisma, a can za a ɗaura maka aure, a harabarsa za a binne ka.

Sunan cocin na Olaf ne, sarkin Norwe wanda aka kashe a yaƙin Stiklestad a 1030, daga baya mutanensa suka ɗauke shi waliyyi. Labarin da aka gada yana cewa ya taimaki Sarki Ethelred na Ingila yaƙar mutanen Denmak a wajen Gadar Landan a 1014, shi ya sa coci da dama a Landan suka ɗauki sunansa. Rubuce-rubucen ƙarni na 13 sun ambaci wannan cocin, kuma ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wancan zamani yana nan har yau. Ginin da ke sama na wajen 1450 ne, kuma wanda ya fi zuba dukiya a cikinsa wani attajirin fataucin ulu ne, Richard Cely. Ka lura da shekarar. Sarki Henry na Takwas bai raba Ikilisiyar Ingila da Fafaroma ba sai 1534, saboda haka an gina St Olave yana cocin Katolika, ya yi shekara tamanin da wani abu a haka kafin ya zama na Angalika. Akasarin tsofaffin coci-cocin Ingila haka tarihinsu yake. An sauya littafin addu'a, an sauya Latin da Turanci, an cire siffofin waliyyai, amma iyakokin faris da makabartarsa ba su motsa ba.

Bayan rabuwar ma aikin faris ƙaruwa ya yi, domin gwamnati ta mayar da shi hannunta na ƙasa-ƙasa. A 1538 Thomas Cromwell, babban na hannun daman Henry, ya ba da umarni kowane faris ya riƙa rubuta duk baftisma da aure da jana'iza a littafi. Dokar matalauta ta 1601 ta ɗora wa kowane faris nauyin karɓar haraji daga masu hali don ciyar da gajiyayyunsa da marayunsa. Dattawa biyu da ake zaɓa duk shekara su ke riƙe da asusun, ga magatakarda, ga mai haƙan kabari wanda sau da yawa shi ne mai kaɗa ƙararrawa.

Akwai wata ƙa'ida da ita ce tushen duk abin da ka gani. A dokar Ingila, duk mazaunin faris, da duk wanda ajali ya riska a cikin faris ko da baƙo ne, yana da haƙƙin a binne shi a makabartar cocin wurin muddin ba a rufe ta ba. Limamin coci ba shi da ikon cewa wuri ya cika, a kai gaba. To fili ba ya ƙaruwa, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, mutane kuwa ba su daina mutuwa ba. Yaya za a yi?

Abin da aka yi shi ne, kabari bai zama mallakar kowa har abada ba. Masu kuɗi sukan biya a binne su a cikin cocin kansa, ƙarƙashin daɓe ko a ɗakin ƙasa, daga baya ma cikin akwatin darma, kuma gwargwadon kusancinka da bagade gwargwadon tsadar wurin. Sauran jama'a harabar waje ce tasu. A ƙarnonin farko yawancin talakawa ba su da akwatin gawa, likkafani ne kawai. Faris yana da akwati guda da ake ɗauko mamaci a ciki zuwa bakin kabari, a sauke shi, a mayar da akwatin ɗakin ajiya sai wani ya mutu. Mai haƙa yakan fara daga wannan gefe ya bi a hankali har wancan, idan ya kai ƙarshe bayan wasu shekaru sai ya dawo inda ya faro. Ƙasusuwan da ya tarar ya tattara su gefe ɗaya ko ya kai su ɗakin ƙashi, ya sa sabon mamaci. Idan abin ya yi tsanani, sai a kwaso ƙasa daga wani wuri a shimfiɗa bisa tsofaffin kaburbura don a samu zurfin yin sababbi. Kowane jiki, kowane katako, kowace amalanken ƙasa da aka ƙara, duk suna ɗaga filin kaɗan-kaɗan. Daɓen coci kuwa yana nan inda magina suka bar shi a ƙarni na 15. Gaskiya ne dukan tsohon birnin ya tashi sama saboda ɓaraguzan gini da shara, har ta kai Landan ta zamanin Rumawa tana mitoci da dama ƙarƙashin titunan yau. Amma makabartun faris sun fi titunan da ke gefensu saurin tashi, kuma matakalar da ka sauka ita ce ma'aunin wannan bambanci.

Ko likkafanin ma sai da gwamnati ta sa baki. Dokokin 1666 da 1678 sun wajabta a lulluɓe mamaci da ulun Ingila, ba da lilin da ake shigowa da shi daga waje ba, don a raya sana'ar masaƙan gida. Dangi sai sun yi rantsuwa a rubuce cewa da ulu aka binne, wanda ya saɓa kuma tararsa fam 5, kuɗi mai nauyi a lokacin. Masu hali da yawa sun gwammace su biya tarar. Ba a soke dokar ba sai 1814.

Ƙofar da ta ja hankalinka an gina ta a 1658. Ƙoƙunan kan ba don tsoratarwa ko tsafi aka sa su ba, tunatarwa ce ga mai wucewa cewa shi ma yana tafe, kuma irin wannan ado ya yawaita a Turai ta wancan ƙarni. Rubutun Latin da ke jikinta daga wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa aka ɗauko shi, inda yake cewa a gare shi rayuwa Almasihu ce, mutuwa kuwa riba. Shekara bakwai kacal bayan an kafa ta, ƙofar ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

A 1665 annoba ta faɗa wa Landan. Lissafin hukuma, wanda magatakardan faris-faris ke haɗawa duk mako, ya nuna mutum 68,596 sun mutu da cutar, masana kuma suna ganin ainihin adadin ya kusa 100,000, domin iyalai kan ɓoye dalilin mutuwa don gudun a kulle musu gida da su a ciki. Faris ne ke ɗaukar tsofaffin mata su je su duba gawa su faɗi abin da ya kashe ta, kuma a kan maganarsu lissafin ya dogara. Hukumar birni ta ce a riƙa binnewa kafin fitowar rana ko bayan faɗuwarta, kabari kuma ya kai zurfin ƙafa shida, amma da mutuwa ta yi yawa ba a iya kiyaye ko ɗaya ba. A wannan ɗan fili na St Olave an binne wajen mutum 300 a cikin 'yan watanni.

Muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. Samuel Pepys babban ma'aikaci ne a ofishin sojan ruwa da ke Seething Lane, daura da cocin, kuma daga 1660 zuwa 1669 ya riƙa rubuta abin da ya faru da shi kullum. A ƙarshen Janairun 1666, da ya koma cocin karo na farko bayan annobar, ya rubuta cewa tsoro ya kama shi fiye da yadda ya zata, ganin yadda kaburbura suka yi tudu a harabar. Bayan 'yan kwanaki ya sake zuwa, ya ce tsoron ya ragu saboda dusar ƙanƙara ta sauka da dare ta rufe su. Ka ga ke nan tun a lokacin mutanen unguwar sun lura ƙasar tana tashi. Shi Pepys da abokan aikinsa ma ba ta ƙofar kowa da kowa suke shiga ba. An yi musu wani ɗan bene na musamman a cikin cocin, da matakalarsa ta waje daga harabar. Matarsa Elizabeth ta rasu a 1669 tana da shekara 29, ya sa aka sassaƙa siffarta aka kafa a bango ta inda zai riƙa hango ta daga mazauninsa. Da ya rasu a 1703 aka binne shi kusa da ita a cikin cocin.

Gobarar da ta tashi ran 2 ga Satumba 1666 daga wani gidan burodi a Pudding Lane ta cinye gidaje fiye da 13,000 da cocin faris 87. Ta zo dab da St Olave. Abin da ya tsirar da shi, Admiral William Penn, babban hafsan sojan ruwa, ya kawo ma'aikatan jiragen ruwa suka rushe gidajen da ke kan hanyar wutar, iska kuma ta kwanta. Shi ya sa bai yi kama da coci-cocin da Christopher Wren ya sake ginawa bayan gobarar ba. Yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage da siffarsu ta tsakiyar zamani.

Cunkoson bai fara da annoba ba, bai kuma ƙare da ita ba. Tun 1569 hukumar birni ta buɗe wata sabuwar makabarta kusa da asibitin masu taɓin hankali na Bedlam don ta rage wa faris-faris nauyi. Ita ce aka tono a 2015 lokacin aikin sabon layin jirgin ƙasa a Liverpool Street, aka fitar da ƙwarangwal dubbai, aka kuma samu ƙwayar cutar annobar a haƙoran wasunsu. Amma a ƙarni na 19 ne abin ya kai maƙura. Landan ta kumbura, makabartun cikin gari suka zama abin ƙyama: ana sare akwatunan da ba su gama ruɓewa ba don a samu wuri, wari yana shiga gidajen maƙwabta, ɓarayin gawa suna tono sababbin kaburbura su sayar wa makarantun likita, har sai da dokar 1832 ta samar wa likitoci halattacciyar hanyar samun gawa. Wani likita, George Alfred Walker, ya zagaya makabartun ya wallafa abin da ya gani a 1839, Edwin Chadwick kuma ya kai wa gwamnati rahoto a 1843. A lokacin an ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo kwalara. Ba haka ba ne, ta ruwan sha take yaɗuwa, amma tsoron warin ya sa an yi abin da ya kamata. Kamfanoni suka buɗe manyan makabartu a bayan gari, Kensal Green a 1833, Highgate a 1839. Dokar binne mamata ta 1852 ta ba gwamnati ikon rufe makabartun cikin Landan, cikin 'yan shekaru kuma aka rufe na tsohon birnin. Hukumar birni ta buɗe tata babbar makabarta a Manor Park a 1856. Akwai ma ta Brookwood, wadda daga 1854 zuwa 1941 jirgin ƙasa na musamman ya riƙa kai mata gawa da masu rakiya daga unguwar Waterloo.

A daidai wannan lokaci rayayyun ma suka fara tashi. Jirgin ƙasa ya sa mutum na iya kwana a bayan gari ya zo aiki da safe, gidaje suka koma ofisoshi da rumbunan kaya. Tsohon birnin da ke da mazauna fiye da 120,000 a tsakiyar ƙarni na 19 ya koma ƙasa da 30,000 a 1901, yau kuwa ƙidayar 2021 ta samu wajen 8,600, alhali masu shigowa aiki kullum sun haura rabin miliyan. Coci suka yi wa masu ibada yawa. Dokar 1860 ta ba da damar haɗe faris-faris a rushe cocin da ba a buƙata a sayar da filinsa, a kwashe mamatansa zuwa Manor Park ko Brookwood. St Olave yana cikin waɗanda suka haɗiye maƙwabtansu: All Hallows Staining, wanda aka rushe a 1870 aka bar hasumiyarsa kaɗai, da St Katherine Coleman, wanda aka rushe a shekarun 1920.

To me ya hana a gina bene a kan harabar St Olave, a wurin da taku ɗaya na ƙasa ke da tsadar gaske? Doka ce. Ƙasar da bishop ya keɓe tana ƙarƙashin kotun ikilisiya, ba a tono gawa ko a kawar da dutsen kabari sai da izininta, kuma dokar 1857 ta mayar da tono gawa ba izini laifi. Sai dokar 1884 ta hana gini a kan makabartar da aka daina amfani da ita, in ba faɗaɗa cocin za a yi ba. Masu fafutukar samar wa talakawan birni wurin shan iska, irin su ƙungiyar lambunan jama'a ta Landan da aka kafa a 1882, suka matsa a mayar da waɗannan filaye lambu. Aka jingina duwatsun kabari da bango, aka shuka itatuwa, aka kafa benci. A St Olave an shuka tsirrai don tunawa da William Turner, likita kuma malamin coci da ake kira uban ilimin tsirrai na Ingila, wanda aka binne a cocin a 1568.

Na san abin da ya tsaya maka a rai, ganin mutum yana cin abinci a inda aka binne mutane. Wanda ya tashi inda ake yi wa mazauna kabari sallama, ake kuma hana taka kushewa, dole abin ya dame shi, kuma ban ga laifin wannan damuwa ba. Amma ra'ayina shi ne lambun nan shi ya tsare mamatan. Makabartun da ba su samu masu zama a cikinsu ba, waɗanda aka kulle aka bar wa ciyawa da shara, su ne aka fi saurin samun hujjar kwashewa, mamatansu suka ƙare a ramin gayya nesa da unguwarsu. Kuma harabar coci a Ingila tun asali wurin jama'a ce, a tsakiyar zamani har ciniki da taro ake yi a cikinta. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya zauna bai san inda yake zaune ba. Wannan kuwa laifin rashin bayani ne, ba na bencin ba.

Abin da gobarar 1666 ta bari, bama-baman Jamus sun same shi a 1941. Rufin ya ƙone, cikin cocin ya zama kango, bango da ginshiƙai da hasumiya suka rage. Sarki Haakon na Bakwai na Norwe, wanda ya yi gudun hijira a Landan lokacin da Jamus ta mamaye ƙasarsa, shi ya aza harsashin gyaran a 1951, aka sake buɗe cocin a 1954, aka kuma kafa wani dutse da aka kawo daga babban cocin Trondheim, inda kabarin Olaf yake. Don haka katakon rufi da gilasan tagogin da ka gani sababbi ne, duwatsun da suke ɗauke da su ne tsofaffi.

Duwatsun kabarin da suka rage a harabar kada su ruɗe ka. 'Yan kaɗan ne, na masu hali ne, kuma na ƙarnonin baya-baya ne. Mafi yawan waɗanda ke ƙasan ba a taɓa kafa musu dutse ba. Sunayensu suna cikin littattafan rajistar faris, waɗanda na St Olave suka faro daga 1563, kuma a ganina su ne dukiyar cocin da ta fi kowace. A ciki za ka ga attajiri da bawansa a shafi ɗaya, da jaririn da aka tsinta a bakin ƙofa, da matuƙin jirgin ruwan da ya sauka a tashar kogin Thames ya mutu ba dangi. A ciki kuma akwai 'yan Afirka. Tsakanin 1588 da 1590 magatakarda ya rubuta jana'izar wata baƙar fata mai suna Isabell, da wata Grace daga gidan Hector Nunes, likita kuma ɗan kasuwa mutumin Fotugal da ke zaune a Mark Lane, da wani baƙar fata da aka tarar ya mutu a kan titi, wanda ba a ma san sunansa ba. Shi ma faris ya ɗauke shi ya binne, domin a cikin iyakarsa ya mutu. Bayan shekara saba'in da wani abu, a gidan Sir William Batten, maƙwabcin Pepys a ofishin sojan ruwa, akwai wani bara baƙar fata mai suna Mingo, wanda maigidan ya bar wa fam 10 a wasiyyarsa tare da aikin kula da fitilar jiragen ruwa a Harwich da albashin fam 20 duk shekara. An kwafe rajistar daga 1563 zuwa 1700 an buga ta a 1916, saboda haka ba sai ka iya karanta rubutun hannun magatakardan ƙarni na 16 ba. Ka nema a babban ɗakin karatu, ka fara da shekarun 1588 zuwa 1590, sannan ka buɗe 1665 ka bi jana'izar daga Yuli zuwa Oktoba.